Me ya sa 'yan wasan gargajiyar Japan ba sa yi kamar mutanen gaske?

Wani ɗalibin wasan kwaikwayo ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na kalli gajerun bidiyo na wasan gargajiyar Japan a YouTube. A ɗaya, mutum ne da fuskar katako yana jan ƙafa a hankali, har na ƙosa bai kai tsakiyar fili ba. A wani an zane wa mutum fuska da ja, yana zare ido yana karaji. Na uku kuwa 'yar tsana ce, mutum uku suna riƙe da ita a gaban kowa. Duk abu ɗaya ne? Me ya sa ba sa yi kamar mutanen gaske? Kuma ta ina zan fara in ina son in fahimta?"

Ɗan'uwa, ba abu ɗaya ba ne. Na farkon Noh ne, na biyu Kabuki, na uku Bunraku, sannan akwai na huɗu da ba ka ci karo da shi ba, Kyogen, wanda ba ya rabuwa da Noh. Tsakanin haihuwar Noh da ta Kabuki akwai fiye da shekara 200, kuma ba mutane ɗaya aka yi wa su ba. Noh a hannun sarakunan yaƙi ya girma. Kabuki da Bunraku kuwa 'yan kasuwa da masu sana'ar birni ne suka raine su da kuɗin ƙofa. Tambayarka ta biyu ce mai nauyi, a kanta zan fi tsayawa. Abin da ka gani ba gazawa ba ce. Mutanen nan sun san yadda ake kuka da dariya kamar kowa, amma sun zaɓi su bar ka kana gani ƙuru-ƙuru cewa wasa ake yi, su ba ka alama kaɗan, kai ka ƙarasa sauran a zuciyarka. In ba ka san alamomin ba, za ka ga mutum yana jan ƙafa kawai. In ka san su, a tafiyar nan za ka ga mamaci yana dawowa inda aka kashe shi.

Tushen Noh yana cikin wasannin harabar wuraren bauta da na bukukuwan shuka shinkafa, inda ake rawa da kwaikwayo da ban dariya. Ɗaya daga cikinsu shi ne sarugaku. Wani shugaban ƙungiyar sarugaku daga yankin Nara, Kan'ami, wanda ya rayu daga 1333 zuwa 1384, ya ɗauko wata rawa mai ɗauke da labari ya haɗa ta da abin da ya gada. Wajen 1374 ya yi wasa a wurin bauta na Imakumano a Kyoto, kuma cikin 'yan kallo akwai Ashikaga Yoshimitsu, shogun na lokacin, wato shugaban mulkin soja wanda ainihin iko ke hannunsa ba hannun sarki ba. Yoshimitsu bai kai shekara 20 ba. Wasan ya shiga ransa, ya ja ɗan Kan'ami jikinsa, yaro mai kimanin shekara 12. Yaron nan shi ne Zeami, wanda daga baya ya zama babban marubucin wasannin Noh. A fada ya zauna da manyan masana waƙa, ya sha tsofaffin baitoci da labaran yaƙi, shi ya sa rubutun Noh ya cika da aro daga waƙoƙin da suka girme shi da ɗaruruwan shekaru. Har yau ɗan Japan da bai yi karatun abin ba yakan riƙe littafin wasan a hannu kafin ya bi abin da ake rerawa.

Dandamalin Noh ɗan ƙarami ne, kusan mita 6 kowane gefe, na katakon hinoki da aka goge, da ginshiƙai huɗu da rufi a kai ko da a cikin ɗaki yake. Bangon baya zane ɗaya ne na tsohuwar bishiyar matsu, ko a teku labarin yake ko a fada. Daga hagu wata doguwar gada ce ta taho daga ɗakin shiri, ta nan babban ɗan wasa ke shigowa, kuma ina zaton wannan shigowar ce ka gani. A al'adance ana rataye manyan tuluna a ƙarƙashin katakon domin idan ya buga ƙafa sautin ya yi zurfi. Fuskar katakon ta ɗan gaza fuskar mutum, haɓar mai sanye da ita tana leƙowa, ba wanda ya damu ya ɓoye. Dattijo zai sa fuskar budurwa ya rera da muryarsa ta maza, ba zai siranta ta ba. Ramukan idon ƙanana ne ƙwarai, ba ya ganin ƙafarsa, da ginshiƙin da ke kusurwar gaba yake auna inda yake don kada ya faɗa ƙasa. Wannan ma yana cikin dalilan jan ƙafar. Sassaƙar kuwa an yi ta ne yadda idan ya ɗan ɗaga kai haske ya sauka a kanta sai ta yi kamar tana murmushi, idan ya ɗan sunkuyar sai inuwa ta rufe idanu ta koma baƙin ciki. Kuka a Noh shi ne a ɗago hannu a hankali, yatsu a haɗe, a tsayar da shi gaban ido ba a taɓa fuska ba. In an ɗago hannu biyu, kukan ya kai matuƙa.

Makaɗa huɗu ne a baya in sun cika: mai sarewa da masu ganga uku. Ƙaramar gangar da ake ɗorawa a kafaɗar dama ƙirarta irin ta kalangu ce, kuma kamar kalangu, matse igiyoyinta ake yi a sauya mata murya. Ita laima take so, za ka ga makaɗin yana hura mata numfashi tsakiyar wasa. Yayarta da ake riƙewa a cinyar hagu bushewa take so, sai an gasa fatarta a kan gawayi kafin a fito, shi ya sa sautinta yake fita tas. Ihun "yo" da "ho" da makaɗan ke yi ba ado ba ne. Babu mai ba da umarni a gabansu, da wannan ihu suke gaya wa juna da 'yan amshi, waɗanda yawanci su 8 ne a gefen dama, inda aka kai a bugu. Galibi sau ɗaya kacal dukkansu ke haɗuwa gwaji kafin ranar wasa, kuma wasan ma sau ɗaya ake yinsa a watse.

Bari in ba ka labari ɗaya don ka ga yadda ginin yake. A yaƙin Ichi-no-tani na 1184, wani mayaƙi mai suna Kumagai ya kayar da abokin gaba a bakin teku, da ya cire masa hular yaƙi sai ya ga yaro ne sa'an ɗansa, mai kimanin shekara 16, da sarewa a jikinsa. Ya kashe shi, daga baya ya ajiye takobi ya zama malamin addinin Buddha. Wasan Zeami mai suna Atsumori ba ya nuna yaƙin yana faruwa. Yana farawa ne bayan shekaru, malamin ya dawo wurin don ya yi wa yaron addu'a. Ya ji sarewa, ya haɗu da masu yankan ciyawa, ɗaya ya tsaya bayan sauran sun tafi, ya nemi a yi masa addu'a, ya ɓace. Da dare sai ya dawo a ainihin kamanninsa, fatalwar Atsumori, ya yi rawar daren ƙarshe kafin yaƙi, ya maimaita mutuwarsa shi kaɗai, ya zare takobi ya nufi wanda ya kashe shi. Sai ya tsaya, domin mutumin nan ya daɗe yana yi masa addu'a, ya ajiye gabar. Wasannin Noh da yawa haka suke: matafiyi ya iso wani wuri, baƙo ya ba shi labarin wurin, baƙon ya zama shi ne mai labarin. Matafiyin ba ya taɓa sa fuskar katako, domin shi rayayye ne kamar ni da kai, aikinsa ya zauna a gefe ya saurara a madadinmu. Abin da ake kallo ba aukuwar abu ba ce, tunawa da shi ne, kuma mai tuna abin da ya hana shi kwanciya a kabari ba ya sauri.

Su kansu magabatan sun yi gardama a kan iyakar abin da ya kamata a nuna. Ɗan Zeami, Motomasa, ya rubuta Sumidagawa, labarin uwar da masu fataucin mutane suka sace wa ɗa, ta bi sawu daga Kyoto har gabashin ƙasar hankalinta a gushe. A cikin kwalekwale mai fito ya ba fasinjoji labarin wani yaro da ya mutu a ƙetaren kogin shekara ɗaya cif da ta wuce, yau ake taron yi masa addu'a. Tana tambayar suna da shekaru, sai ta gane ɗanta ne. A bakin kabarin ta ji muryarsa cikin masu addu'a. An rubuta cewa Zeami ya ce kada a fito da yaron a dandamali, domin a idon uwar kaɗai yake, Motomasa ya ce wasan ba zai yiwu ba sai an gan shi. Har yau ana yin wasan ta hanyoyin biyu. Ni ina bayan uban. Idan uwar ta miƙa hannu ta rungumi iska, kowane ɗan kallo nasa yaron yake sawa a wurin, kuma babu ɗan wasan da zai kai wannan ciwo.

Game da jinkirin, abu biyu. Na ɗaya, Zeami ya koyar da cewa kowane wasa yana da tashi a hankali, da buɗewa, da ƙarshe mai sauri, to gajeren bidiyo da aka yanko daga farko bai nuna maka inda aka dosa ba. Nemi wasan Noh mai suna Dojoji, ka duba inda ɗan wasa ke tsalle ya shige ƙarƙashin ƙatuwar ƙararrawa tana faɗowa, ya sauya kaya da fuska shi kaɗai a cikin duhunta, ya fito macijiya. Na biyu, Noh bai kasance da wannan nauyi tun asali ba. Gidan Tokugawa da ya karɓi mulki a 1603 ya mayar da shi wasan bukukuwan gwamnati, ya yanka wa 'yan wasa albashi, ya tsare su cikin gidaje biyar da suke nan har yau: Kanze, Hosho, Komparu, Kongo da Kita. A gaban manya kowane taku ya ƙara nauyi. Masu binciken da suka bi tsofaffin jadawalin wasanni suna ganin a zamanin Zeami ana gama wasa cikin kusan rabin lokacin da yake ci yau. Shi Zeami bai gama da daɗi ba. Wani shogun na baya ya juya masa baya, Motomasa ya mutu a 1432, a 1434 aka kore shi zuwa tsibirin Sado yana da shekara 70 da ɗoriya. Littattafan koyarwarsa sirrin gida ne, jama'a ba su gan su ba sai 1909 da aka buga su.

Kyogen a kan dandamali ɗaya ake yinsa, tsakanin wasannin Noh, don a sarara. Yawanci ba fuskar katako, magana ce ta baka, kuma jaruminsa bara ne mai suna Taro Kaja. A wasan Busu maigida zai yi tafiya, ya nuna wa barorinsa biyu wani mazubi ya ce guba ce a ciki, ko iskar da ta biyo ta kanta kisa take. Yana fita suka matsa suna fifita da mafici don iskar ta koma can, suka buɗe, ashe sukari ne. Suka cinye tas. Sai suka yage zanen da maigida ke ji da shi, suka fasa kofin shayinsa mai tsada, suka zauna suna kuka. Da ya dawo suka ce kokawa suke yi don kada barci ya ɗauke su har suka yi wannan ɓarna, shi ne suka ci gubar don su mutu, ga shi sun cinye ba su mutu ba. Nan ma ƙa'idar ba ta sauya ba: babu ƙofa a dandamali, ɗan wasa da bakinsa yake yin ƙarar buɗe ta. Abin da ke burge ni shi ne, a gaban iyayengiji masu takobi ake nuna bara ya fi ubangidansa wayo, kuma suna dariya.

Kabuki kuwa a shekarar 1603 ɗin nan ya samo asali. A Kyoto, wata mace mai suna Okuni, wadda ake cewa daga wurin bauta na Izumo ta fito, ta shiga yin rawa da shigar maza, da takobi a ƙugu, tana kwaikwayon 'yan ƙwalisar birni suna zolayar matan gidan shayi. Gari ya ɗauka. Gidajen karuwai suka kafa nasu ƙungiyoyin, rigima ta yawaita a kan 'yan rawar, a 1629 gwamnati ta hana mata hawa dandamali. Samari suka maye gurbinsu, matsalar ba ta sauya ba, a 1652 aka hana su su ma. Aka bar manyan maza kaɗai, da sharaɗin su aske gashin gaban goshi kuma su yi wasa mai labari. Mace ce ta kafa Kabuki, amma har yau a manyan gidajensa maza ne ke yin komai, kuma wannan rashi ne da bai kamata a shafe shi da yabo ba. Sai dai daga hanin ne sana'ar onnagata ta fito, namijin da ya ƙware a fitowa mace. Tunda ba shi da kyan da zai sayar, dole ya gina macen da aiki: gwiwoyi a haɗe, kafaɗu a janye baya a sauke, taku gajere, yatsu a ɓoye cikin hannun riga. Ba wata mace ta gaske yake kwaikwaya ba, siffa ce da aka tace shekara da shekaru.

Kafin in ƙarasa Kabuki dole in ratsa ta Osaka, domin da yawa daga cikin manyan labaransa daga gidan 'yan tsana, wato Bunraku, ya aro su. A 1684 wani mai rera labari, Takemoto Gidayu, ya buɗe gidan wasa a unguwar Dotonbori. Sana'a uku ce ke haɗuwa a nan. Akwai mai rerawa, wanda ke zaune a gefen dama a bainar jama'a, ya ɗaga littafin zuwa goshinsa don girmamawa kafin ya fara, sannan shi kaɗai ya yi muryar kowa, tsoho da yarinya da mugu, ya kuma ba da labarin, yana gumi yana kuka da gaske. Kusa da shi akwai mai kaɗa shamisen, abin kiɗa mai tsirkiya uku da ya shigo Japan daga tsibiran Ryukyu a ƙarni na 16, kuma ba sa kallon juna, da numfashi suke tafiya tare. Sai masu 'yar tsana. Tun 1734 mutum uku ke riƙe babbar 'yar tsana: babba yana da kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu. A cikinsu ana cewa shekara goma a ƙafa, shekara goma a hannun hagu, kafin a ba ka kai. Ba sa magana, daga motsin kan tsanar da kafaɗarta mataimakan ke karanta abin da ke tafe. Mataimakan suna cikin baƙaƙen kaya har fuska, kuma a wasan Japan baƙi yana nufin "ba na nan". Babban kuwa sau da yawa fuskarsa a buɗe take, ba ya motsa ta ko kaɗan. Minti goma na farko su za ka riƙa kallo. Bayan nan sai ka tarar idonka ya bar su da kansa.

Marubucin da ya ɗaga wannan gida shi ne Chikamatsu Monzaemon, wanda aka haifa a 1653. A 1703 wani yaron shago da wata karuwa suka kashe kansu a dajin Sonezaki na Osaka, cikin kusan wata ɗaya ya mayar da abin wasa, kuma cinikin da aka yi ya fitar da gidan daga bashi. Sabon abu ne a lokacin a ɗora talakan birni a inda aka saba ganin jarumawan tarihi. A wasan, yaron shagon, Tokubei, yana aiki a shagon kawunsa, ya ƙi auren da aka shirya masa saboda karuwar, Ohatsu, dole ya mayar da kuɗin auren. Ya ranta wa abokinsa kuɗin na 'yan kwanaki, abokin ya musanta, ya ce takardar jabu ce, aka yi masa duka a gaban jama'a. A garin 'yan kasuwa, wanda aka kira mai jabun hatimi ya gama yawo. Wurin da ya fi tsaya mini shi ne inda Ohatsu ta ɓoye shi a ƙarƙashin dakalin gidan, tana zaune a sama macucin yana zaginsa, ita kuma tana magana kamar da kanta take, tana tambaya ko ya shirya mutuwa. Amsarsa ita ce ya kama ƙafarta ya goga a maƙogwaronsa. 'Yan tsana mata yawanci ba su da ƙafafu, da dunƙulen hannu a cikin riga ake nuna tafiyarsu, amma a yadda ake yin wasan yau, saboda wannan wuri ake sa mata ƙafa. Irin waɗannan wasanni sun yawaita, masu bin sawu a zahiri ma suka yawaita, har gwamnati ta hana su a 1723. Abin da Chikamatsu ke tonowa shi ne matsin da mutum ke shiga tsakanin haƙƙin da jama'a ke binsa da abin da zuciyarsa ke so, kuma kusan kullum kuɗi ne igiyar da ke shaƙe shi.

Hannun gwamnati ya sake bayyana a wasan da ya fi kowanne suna, Kanadehon Chushingura na 1748. A 1701 wani ubangida mai suna Asano ya zare wa wani babban jami'i, Kira, takobi a fadar shogun da ke Edo, Tokyo ta yau, aka umarce shi ya kashe kansa a ranar. Bayan kusan shekara biyu mayaƙansa 47 suka afka gidan Kira suka ɗau fansa. Doka ta hana nuna al'amuran manya na zamani, sai marubutan suka mayar da labarin ƙarni na 14, suka sauya sunaye kaɗan: jagoran mayaƙan, Oishi Kuranosuke, ya zama Oboshi Yuranosuke. Kowa ya san wanda ake nufi. Wannan wasa da wasu biyu na 1746 da 1747 an rubuta su ne don 'yan tsana, Kabuki ya ɗauke su nan take, har da mai rerawa da shamisen a gefe. Sunan Bunraku ma daga baya ya zo, daga Uemura Bunrakuken da ya kafa gidan wasa a Osaka a farkon ƙarni na 19.

Mai jar fuskar da ka gani salon birnin Edo ne, Tokyo ta yau, wanda Ichikawa Danjuro na farko ya kafa a ƙarshen ƙarni na 17. Jan zane jarumta ne da zafin jini, shuɗi mugunta, ruwan ƙasa aljani ko dodo. Zare idon kuwa ana kiransa mie: a ƙololuwar wuri ɗan wasa ya buga ƙafa, ya juya kai, ya karkatar da ido ɗaya, ya daskare, wani a gefen dandamali yana buga katako biyu a kan allo. Tsayar da lokaci ne don a ce maka dubi nan. A daidai wannan gaɓa ƙwararrun 'yan kallo daga kujerun can sama masu araha suke yi masa kirari da sunan gidansu, in na gidan Danjuro ne su ce "Naritaya!", kuma wanda bai san gaɓar ba ba ya buɗe baki. Kyoto da Osaka nasu salon mai laushi ne, na saurayin da soyayya ta talauta. Kabuki ba ya ƙyamar burgewa. Yana da hanya da ta ratsa tsakiyar 'yan kallo har dandamali, da ƙofofin ƙasa masu ɗago mutum, da dandamali mai juyawa da Namiki Shoza ya ƙera a Osaka a 1758, fiye da shekara 100 kafin gidajen wasan Turai su yi nasu. Duk da farin jininsu, hukuma tana ɗaukar 'yan wasan ƙasƙantattu. A 1842 aka kwashe gidajen wasan Edo zuwa gefen gari a Asakusa, aka kori Danjuro na bakwai daga birnin saboda almubazzaranci. Sai a 1887 Sarki Meiji ya zauna ya kalli Kabuki.

Yadda abin ya kawo yau shi ne daga jiki zuwa jiki. Yaro yana hawa dandamali tun yana ƙarami, yana kwaikwayon uba ko malami har motsin ya zauna masa, sunaye kuma gadonsu ake yi: a Nuwamban 2022 aka naɗa Danjuro na 13 a gidan Kabuki-za na Tokyo, wanda aka fara buɗewa a 1889. Wannan tsari ne ya tsare wasannin Noh kusan 240 da ake yi yanzu, amma yana da tsada, domin a Kabuki manyan matsayi sun fi zuwa ga 'ya'yan gida. Bando Tamasaburo na biyar, wanda aka haifa a 1950 kuma da yawa ke ganin babu onnagata kamarsa a zamaninmu, ba ɗan gado ba ne, ɗaukarsa aka yi riƙo, kuma irinsa ba su da yawa. Bunraku ya fi buɗe ƙofa, cancanta ake bi, kuma kaso mai yawa na masu yinsa sun fito ne daga makarantar horarwa da gidan wasan ƙasa ya buɗe a 1972. Shi ne kuma na fi ji wa tsoro, domin ƙwararrunsa duka ba su kai 100 ba, ga horon yana cin rabin rayuwa. UNESCO ta sa Noh da Kyogen cikin gadon ɗan'adam a 2001, Bunraku a 2003, Kabuki a 2005, sai dai takarda ba ta koya wa yaro riƙe ƙafar 'yar tsana.

Ta inda za ka fara, shawarata Kyogen. Nemi Busu mai fassara a ƙasan allo, bai wuce rabin awa ba, a nan idonka zai saba da dandamali mara kaya. Daga nan ka karanta labarin Sonezaki kafin ka kalle shi a Bunraku. Kada ka taɓa shiga Noh ba ka karanta wasan ba, rubutunsa shafi kaɗan ne, kuma su kansu 'yan ƙasar haka suke yi. Tunda kai ɗalibi ne, ga aikin da zai fi amfanarka: kalli Ataka na Noh, sannan Kanjincho na Kabuki da aka ciro daga gare shi a 1840. Labari ɗaya ne. Wani jarumin yaƙi mai suna Yoshitsune yana gudun yayansa, ya ɓad da kama a matsayin ɗan dako, babban yaronsa Benkei ya karanta wa mai tsaron shinge takardar neman taimakon wurin bauta daga wata naɗaɗɗiyar takarda da ba ita ba ce, da aka fara gane ubangidan sai ya ɗaga sanda ya doke shi don ya kawar da zato. Ka sa ido a kan mai tsaron shingen, Togashi. A Noh kwarjinin ayarin da barazanarsu ce ta sa ya ba da hanya. A Kabuki ya gane sarai wanda ke gabansa, ya ga abin da dukan nan ya ci wa Benkei, ya bar su suka wuce yana sane da cewa zai iya biya da ransa. Rubuta abin da kowane ɗaya ya nuna da abin da ya bar maka, ka kawo wa malaminka ku tattauna.